Dan Allah masu sani, yaya ake mayar da garin magani kafso ko ƙwaya ba tare da ya lalace ba?

Magajin Baba:

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar haɗa magani, in akwai famasis a cikinmu ko wanda ya taɓa aiki a kamfanin magani to da shi nake.

Ni maganin gargajiya na gada wajen mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a nan ƙasar Kazaure muke. Akwai wani haɗi da aka san gidanmu da shi na ciwon ciki da kumburi da zawo, ganyen sabara ne ya fi yawa a ciki sai citta da kanumfari da wasu itatuwa guda biyu da ba zan faɗa a nan ba, kun dai san sirrin gida. Tun zamanin baba gari ake ƙullawa a leda mutum ya je ya dafa ya tace ya sha. To yanzu masu saye sun canza, ma'aikata ne da ɗalibai da matan birni, kuma ƙorafinsu ɗaya, wai bauri ya yi yawa ga shi basu da lokacin dafe-dafe, in mayar musu da shi kafso mana su dinga haɗiya da ruwa a wuce wajen. Shi ne na sayi farantin cika kafso ɗin nan mai rami 100 da kwanson kafso mai girman lamba 0 na fara.

Da rani lafiya lau aka yi ta tafiya, amma tunda damina ta kankama sai kafson ya fara laushi yana mannewa da juna a cikin roba, wasu ma in ka ɗaga su a haske zaka ga ɗigo-ɗigo baƙi a ciki. Ga shi kuma cikar bata zuwa ɗaya, wani ya cika dam wani da ƙyar ya wuce rabi, har wata hajiya da ta daɗe tana saye ta ce min na wancan watan ya fi na wannan watan aiki, maganar nan ta tsaya min a rai wallahi domin sunan mahaifina ne a jikin abin.

Sannan akwai abokina mai ƙaramin injin buga ƙwaya na hannu, muka zuba garin muka buga, ƙwayar ta fito da kyau amma kana taɓa ta sai ta ruguje a hannu. Ya ce a sa ƙaro, muka jiƙa ƙaro muka sa, sai kuma ta yi tauri ta kwana a kofin ruwa bata narke ba. To wanne ne ya fi min, kafso ko ƙwaya? Kuma wane irin gwaji ake yi a tabbatar abu ya yi kyau kafin mutum ya tunkari NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna? Bana so in cuci kowa. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Famasis Samaru:

Wa alaikumus salam Malam Magaji. Allah ya jiƙan baba ya sa ya huta. Kafin komai, waɗancan masu ɗigon baƙi dan girman Allah kar ka sayar da ko ɗaya, kar kuma ka ce bari in juye in sake shanyawa. Fumfuna ce, kuma wasu nau'in fumfunar suna barin guba irin wadda ake samu a ruɓaɓɓiyar gyada da masara, afulatoksin, hanta take ci a hankali, rana bata kashe ta, tafasa ma bata gamawa da ita. Ka haƙura da asarar ka zubar.

Matsalarka ba daga kafson ta fara ba, daga garin ne. Ganye in ka murza shi ya yi ƙaras-ƙaras a hannu sai ka ɗauka ya bushe, alhali akwai sauran laima a ciki, kuma da damina gari da kansa yake zuƙar danshin iska ko da ya bushe tun farko. Kwanson kafso na jelatin, sinadarin da aka saba yin kwanson da shi, shi ma yana da nasa ruwan, wajen kashi 13 zuwa 16 cikin 100, to in gari mai laima ya shiga ciki aka rufe a roba a ɗaki mai zafi me kake tsammani. Yadda ake aunawa ba wuya: a auna giram 10 na garin, a sa a oben mai zafin digiri 105, a dinga fitarwa ana aunawa har nauyin ya daina raguwa. In abin da ya tafi ya haura giram 1, wato laimar ta wuce kashi 10 cikin 100, to garin bai kai a rufe shi ba. Sai dai ka sani citta da kanumfari suna da mai mai ƙamshi da shi ma zafi ke korarsa, don haka lissafin zai ɗan yi sama, gara ka gwada sabarar daban tun kafin ka haɗa.

Shanya kuma a inuwa mai iska, a kan raga da aka ɗaga daga ƙasa, ba a tabarma a tsakar gida inda kaji da awaki ke wucewa ba. Kowane sinadari ka niƙa shi daban ka tankaɗe da rariya guda mai ido ɗaya, saboda in wani gari laushi ne wani tsaki-tsaki, kana girgiza farantin manyan zasu taso sama ƙananan su gangara ƙasa, sai ka samu kafson da kusan duk citta ce da wanda babu ita. Kuma a daina awo da hannu ko da gwangwani, sikeli za'a koma. Na san baba da tafin hannunsa yake aunawa kuma yana zuwa daidai, amma tafin hannun baba ba naka bane, ba kuma na yaron da zaka sa aiki gobe bane. Wajen haɗawa ka fara da wanda ya fi ƙanƙanta, misali kanumfari, ka zuba masa sabara daidai yawansa ka juya sosai, ka sake ƙara daidai yawan abin da ka samu ka juya, haka haka har ta ƙare. In ka zuba ɗan kaɗan a cikin mai yawa lokaci guda ba zai taɓa gaurayuwa daidai ba.

Batun cika kuwa, ga dabarar. Kar ka zuba gari kawai ka share da kati ka rufe. Ka fara sanin nawa kafsonka ke ɗauka, lamba 0 a garin ganye yakan ɗauki wajen miligiram 400, ya danganta da nauyin garin da yadda ka danna. In 400 ne, ka auna giram 40 cif na rami 100, ka baza, ka danna da madannin, ka sake bazawa ka danna har garin ya shige duka babu saura a kan farantin. Bayan ka rufe sai ka tsinci guda 20 daga wurare daban-daban, gefe da tsakiya, kowanne ka auna shi cike, ka juye, ka auna kwanson, bambancin shi ne nauyin garin. Ƙa'idar littafin magunguna na Birtaniya da muke bi ita ce kafson da ya kai miligiram 300 ko fiye kar ya kauce wa matsakaicin nauyi da fiye da kashi 7.5 cikin 100. A naka kenan daga 370 zuwa 430. An yarda guda 2 kawai cikin 20 su fita daga nan, su ma kar su wuce ninki biyu na wannan tazarar.

Amma akwai lissafin da nake so ka zauna ka yi tsakaninka da Allah. Ƙaramin cokali na garin ganye yakan kai wajen giram 2. In abin da baba ke cewa a dafa cokali ɗaya ne, to kafso 5 kenan a sha ɗaya. Kai guda nawa kake ce musu su sha? Yawancin masu wannan sana'ar cewa suke biyu safe biyu yamma don haka aka saba ji a asibiti, ba don sun lissafa ba.

Maganar hajiya kuma gaskiya ta faɗa, kuma ba cika kaɗai bace. Sabarar da aka tsinka da bazara da wadda aka tsinka tsakiyar damina ba ƙarfinsu ɗaya ba, ta kan tudu da ta fadama haka, toho da tsohon ganye haka. Ka tsayar da wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Ka sayi littafi, kowane zubi ka ba shi lamba, ka rubuta inda aka ɗebo, ranar, kwana nawa ya yi a shanya, nauyin kowane abu, sannan ka ajiye roba ɗaya daga kowane zubi kar ka sayar. Ranar da wani ya zo da ƙorafi kana da abin dubawa.

Dattijon Gobir:

Ɗana, Allah shi jiƙan mahaifinka, shi yi ma albarka da ka tsaya tambaya. Ni ma wagga sana'a munka tashi ciki nan ƙasar Gobir, kuma ban da faɗa da kafso, zamani ne, wanda bai iya shan ɗaci ai ba a barin shi da ciwo.

Amma abu guda nike so ka duba wanda ban ji likitan ga na Samaru ya taɓo ba. Kai da bakinka ka ce mahaifinka cewa yake a dafa, a tace, a sha. To mi anka yi da tukar? Zubarwa anka yi. Ruwan shi ne maganin. Yanzu kai ka ɗauki ɗanyen gari da ba a dafa ba, da tukar da komi, ka ɗura ma mutum cikin ciki, kuma mutumin ga mai zawo ne, cikinshi ya riga ya yi rauni. Wanga ba maganin mahaifinka ba ne, wani sabon abu ne da ka ƙirƙiro da kayan mahaifinka. Yana iya yin aiki, yana iya ƙi, yana iya fin ƙarfin mai sha. Magabatanmu da sunka ce wani icce a dafa shi, wani a jiƙa shi ya kwana, wani a sa mishi jar kanwa, wani a sha da nono, ba don son wahala sunka faɗi haka ba, sun ga abin da ya faru ga mutane ne shekara da shekaru. Wutar ga da ake dafawa da ita kuma tana kashe ƙazantar da ke jikin ganye, wanda ya ɗebo bai wanke hannu ba, tsuntsu ya yi kashi bisa, duk tafasa na rage wanga. Kafso babu wuta.

Sannan ina roƙonka da Allah, in kasuwa ta buɗe za a zo maka da shawarar banza, a ce ka daka ƙwayar bature ta kashe ciwo ka zuba ciki don mutane su ji sauƙi nan take su dawo. Akwai masu yi, mun san su, su ne sunka ɓata muna suna har ana ganin duk mai maganin gargajiya macuci ne. Kar ka kusanci wanga ko da wasa. Kuma mai ciki da jinjiri ka cire su daga lissafinka, yaro ƙarami mai zawo ruwan gishiri da sukari ake fara ba shi a nufi asibiti, wanga ko mu mun yarda da shi.

Maman Ilham:

Salam. Gaskiya Baba Dattijo ya yi magana, Allah ya ƙara girma. Ni garin zogale nake zubawa a kafso ina sayarwa a Kaduna, nawa mai sauƙi ne tunda zogale abinci ne dama ana cinsa a kwaɗo da miya, amma bari in faɗa maka abin da na sani ta ɓangaren kwanso da marufi.

Na farko yayana, ka tambayi mai sayar maka da kwanson nan da me aka yi shi? Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake yinsa, wani na saniya wani na alade, kuma da ido bazaka bambance ba. Mu da kwastomominmu kusan duk musulmi ne wannan ba ƙaramar magana bace. Ka nemi wanda buhunsa ko kwalinsa ke da shaidar halal, ko kuma ka koma na tsirrai wanda ake rubuta HPMC a jiki, ya fi tsada amma hankalinka kwance, kuma shi ruwan jikinsa kaɗan ne bai cika laushi da damina ba. Shi na jelatin damina ta sa shi laushi, hunturu kuma in iskar nan mai bushewa ta taso sai ya bushe ya dinga tsagewa kana rufewa yana fashewa a hannunka, kaga ta ko'ina sai ka lallaɓa shi. Kwanson da baka yi amfani da shi ba ka ɗaure bakin ledarsa tam, kar ka bar shi a buɗe ko na awa ɗaya.

Ni ranar da hadari ya haɗu ko aka kwana ana ruwa bana cika kafso kwata-kwata. Ɗaki daban na ware, da silin da tayil, babu girki babu yara, safar hannu da takunkumi da hula. Roba kuma mai murfi biyu nake saye, wadda ake manna mata takardar alminiyam a baki, sannan in jefa ɗan ƙunshin silika guda a ciki, irin wanda ake gani a kwalin sabon takalmi, amma ka sayi na abinci da magani. Ledar ƙulli ko robar da murfinta ke juyawa sakaka ba zasu riƙe maka komai ba. Kuma ka ja kunnen masu sarin kayanka kar su bar shi a but ɗin mota ko a kan tebur a tasha rana na dukansa.

NAFDAC kuma ba abin tsoro bane in ka shirya. Sai kana da rajistar kasuwanci ta CAC da rajistar sunan kayan, ana cike takardu ta intanet, zasu zo su ga inda kake aikin da idonsu, su karɓi samfur su kai ɗakin gwajinsu, kuma ana neman rahoton gwajin guba da ke nuna abin baya cutarwa. Lambar da ake ba maganin gargajiya a matakin farko tana ƙarewa da harafin L, shekara 2 take yi a sabunta. Abin da mutane da yawa basu gane ba, wannan lambar cewa take an duba ba'a ga cutarwa ba, bata ce maganin yana warkarwa ba, shi ya sa ake sa ka rubuta a jikin kwalin cewa hukumar bata tantance iƙirarin ba. Don haka kar ka cika takardar jikin roba da jerin cututtuka goma sha, kuma talla a rediyo ma sai da izininsu.

Ƴar Ɗakin Gwaji:

Malam Magaji sannu da ƙoƙari. Ni a ɗakin gwajin magunguna nake aiki, kuma maganar Baba Dattijo ita ce ainihin inda zaka fara, kafin sikeli kafin roba. In asalin maganin dafawa ake yi, to hanyar da ta fi kusa da na baba ita ce ka dafa kamar yadda yake dafawa, ka tace, a ƙafar da ruwan a hankali da zafi kaɗan har ya zama busasshen tsatso, shi za'a zuba a kafso. Ribar ita ce abin ya ragu sosai, maimakon kafso 5 ƙila ɗaya ko biyu su ɗauke. Wahalar kuma busasshen tsatso ya fi ɗanyen gari zuƙar laima nesa ba kusa ba, ka bar shi a faranti da safe kafin azahar ya koma danƙo, don haka sai an gauraya shi da sitacin masara busasshe ko wani farin gari mai tsotse danshi da ake kira erosil. Wannan ba aikin da zaka yi kai kaɗai a gida bane, ka je tsangayar haɗa magunguna ta jami'a, ABU Zariya ko Bayero ko Danfodiyo, suna da kayan aikin kuma sun saba da masu maganin gargajiya. A can ne kuma za'a kai ganyenka ma'adanar tsirrai a tabbatar da sunansa na kimiyya, sabara dai Guiera senegalensis ce, sauran biyun ma dole a san su.

Ƙwaya kuwa shawarata ka ajiye ta tukunna. Abin da ya faru da ku ba abin mamaki bane. Garin ganye zare-zare ne, in inji ya matse shi ya saki sai ya sake buɗewa, shi ya sa take rugujewa ko kanta ya ɓalle. Ba'a buga gari haka nan, sai an mayar da shi tsaki tukunna, kamar dai yadda ake yayyafa wa gari ruwa a murza in za'a yi dambu. Ana dama sitaci ko a narka ƙaro kaɗan, a zuba a garin ana juyawa har in ka dunƙula a hannu ya kama in ka taɓa ya watse, a murza ta rariya, a busar a zafin digiri 40 zuwa 50, a sake tankaɗewa. Sannan a ƙara busasshen sitaci wanda aikinsa in ƙwayar ta shiga ruwa ya kumbura ya fasa ta, da ɗan maganiziyam sitiyaret kashi 1 cikin 100 ko ƙasa da haka don kar ta manne a bakin inji. Ku ƙaro kuka zuba da yawa babu mai fasawa, shi ya sa ta kwana a ruwa. Ƙaron dakwara kansa abu ne mai kyau, irin wanda ake samu a Yobe da Borno da Jigawa, kamfanonin magani na duniya suna amfani da shi, amma tsaftatacce kuma a kan awo.

Ƙwayar da ta kwana a kofi bata narke ba haka zata iya bi ta cikin mutum ta fita yadda ta shiga. Mu a wajenmu ana sa guda 6 a na'ura mai tsoma su tana ɗagawa a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37, ƙwaya marar rufi dole ta watse cikin minti 15, kafso kuma minti 30. Akwai kuma gwajin rugujewa, ana auna ƙwayoyin a zuba a wani ganga mai juyawa sau 25 a minti ɗaya har minti 4, juyi 100 kenan, a kaɗe ƙurar a sake aunawa, in abin da ya zube ya wuce kashi 1 cikin 100 ta faɗi. Kaga abu biyu ne ke jan juna, ka ƙara tauri ta ƙi narkewa, ka rage ta farfashe a hanya, samun tsakiyar nan shi ne aikin. Kafso ya raba ka da duk wannan.

Amma gwajin da ya fi damuna ba waɗannan bane, waɗanda ido baya gani ne. Ƙwayoyin cuta na farko, ana shuka samfurin a ga yawan abin da zai tsiro, kuma irin su salmonela ba'a yarda a samu ko kaɗan ba. Ka yi tunani mai zawo ya sha maganin zawo da ke ɗauke da ƙwayar cutar zawo. Na biyu ƙarafa masu guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a tsirran magani miligiram 10 a kilo ɗaya, ƙarfen kadmiyam kuma miligiram 0.3. Duk mun tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin ƙauyuka. Ƙura ce da ƙasa suka ɗauki gubar. Don haka ganyen bakin babban titi, ko kusa da inda ake haƙar ma'adinai, ko bola, ko gonar da aka yi wa feshi, ka bar shi ko da kyauta ne. Injin niƙan unguwa ma ka kiyaye, haƙoransa suna cinyewa su zuba a gari, ga ragowar barkono da masarar wani. Ka ja maganaɗisu a cikin garin da aka niƙo maka ka ga abin da zai kama. Ana kuma ƙona samfur a auna tokar da ta rage, ita ke tona yawan yashi da ƙasa.

Na uku shi ne zai amsa maganar hajiya. Akwai gwaji mai sauƙin kuɗi da ake ɗiga ruwan maganin a wani ɗan faranti mai farin shafi a tsaya da shi a cikin sinadari, abubuwan da ke ciki su rarrabu su yi layi-layi. Zubin da ka yarda da shi a ɗauki hotonsa a ajiye, duk sabon zubi a gwada shi da wancan, in layi ya ɓata ko ya dusashe ka san akwai abin da ya canza. Da irinsa ne ma ake kama masu zuba dikulofenak mai kashe ciwo ko maganin ƙarfin maza na bature a cikin na gargajiya.

Ranar lalacewa kuma ba'a ƙirƙirarta da ka. Ana ajiye kayan a cikin robarsa ta sayarwa a zafin digiri 30 da laima kashi 75, gwajin gaggawa kuma digiri 40 na wata 6, ana fitarwa lokaci-lokaci ana dubawa.

Magajin Baba:

Kai jama'a, Allah ya saka muku da alheri, Allah ya ƙara ilimi. Baba Dattijo na ji maganarka har cikin raina, kuma in sha Allahu babu abin da zai shiga maganin nan sai abin da baba ya bari. Masu ɗigon na ware su zan ƙona. Ƙwaya na ajiye ta.

Abu biyu ne suka rage min. Wane irin sikeli zan saya, wanda nake da shi na kicin ne mai nuna giram ɗaya-ɗaya. Sai kuma abin da ya fi tsaya min, in na je jami'a ko NAFDAC dole sai na faɗi itatuwan nan biyu? Ƙannena ma basu san su ba, ni kaɗai baba ya nuna wa a daji. Ina tsoron in faɗa gobe in ga wani ya fito da shi da sunansa.

Famasis Samaru:

Malam Magaji tsoronka yana kan hanya, amma eh, dole ka faɗa. Ba wanda zai sa hannu a kan abin da mutane zasu haɗiya bai san me ke ciki ba, kuma sunayen tsirran sai sun fito a jikin roba, saboda mai shan maganin hawan jini ko na suga likitansa na buƙatar sanin me ya haɗa da shi. Wani itacen ma in an dafa lafiya lau, ɗanyensa ko tsatsonsa mai ƙarfi kuma ya taɓa ƙoda.

Abin da zaka yi shi ne kar ka miƙa komai da baki. A rubuta yarjejeniya tsakaninka da sashen da zai yi maka aikin, lauya ya duba, a sa cewa haɗin naka ne kuma ba za'a buga shi a mujalla ko a ba wani kamfani ba sai da izininka. An taɓa yin haka a ƙasar nan. Maganin sikila na Niprisan da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar a kafso zamanin Farfesa Charles Wambebe, asalinsa haɗin wani mai maganin gargajiya ne daga ƙasar Yarbawa, masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace, an yi yarjejeniya da shi kuma sunansa na cikin takardar mallakar fasahar da aka samu a Amurka a 1998.

Sikelin kicin ka bar shi wajen auna buhu da kwano. Na kafso ka nemi mai nuna 0.001 na giram, masu sayar da kayan ɗakin gwaji suna da shi, wasu masu harkar zinare ma. Ka tabbatar ya zo da ɗan dutsen gwajinsa, kullum kafin ka fara aiki ka ɗora dutsen ka ga ko ya nuna daidai. A kan tebur mai ƙarfi da baya girgiza zaka ajiye shi, ka kashe fanka lokacin awo domin iska kaɗai tana motsa lambar. In ka auna guda 20 ɗin farko ka turo mana lambobin nan mu duba tare.